Zayyanu Baduku da Koren Bayan Ƙwaro

Duk wanda ya taɓa ratsa layin dukawa a kasuwar garin Isa ya san rumfar Zayyanu, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce wadda warin jima ke tarbar mutum tun kafin ya yi sallama. A ciki za ka tarar da wani siririn mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da zanen Gobir a kumatu, yana zaune kan buzu ya harɗe ƙafa. Yatsunsa goma kowanne da launinsa. Babban yatsan dama ja ne tun yana ɗan shekara tara, kuma sabulun duniya ya gwada ya haƙura. Idan ya ɗaga hannu yana addu'a bayan sallar Azahar, sai ka ce zare aka shanya.

A Unguwar Lalle aka haife shi. Ubansa, Isah Baduku, ya dawo da iyalinsa Isa saboda kasuwa. An sa Zayyanu boko, ya yi aji uku. Ranar da malami ya ce kowa ya zana saniya da fensir, ya tambaya ina jan da za a sa mata, aka ce babu. Ya ajiye fensirin ya fito, bai sake komawa ba. Daga nan rumfar ubansa ta zama makarantarsa. Ya koyi fitar da ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kashin maƙera da aka jiƙa, kore kuma daga garin tagulla. Hanyar dai ɗaya ce: ka daka, ka jiƙa, ka tace, ka shafa. Abin da ya yi taurin kai a ƙara masa kanwa, ko tsami, ko wuta.

Gidan Isah yana da magana guda da aka san shi da ita daga Bafarawa har Sabon Birni: ba a kawo musu launi a koma da shi. Ka zo da ƙyallen atamfa, ko murfin kwalba, ko ganyen da ka tsinta a hanya, za a rina maka fata irinsa. Isah ya rasu da wannan suna, Zayyanu ya gada, ya riƙe shekara ashirin da biyu ba tare da ya taɓa cewa ya kasa ba. Bai da gona mai girma, bai da shanu. Wannan maganar ita ce dukiyarsa, kuma yana lallaɓa ta fiye da yadda wasu ke lallaɓa sabon babur.

Sai wata ranar kasuwa, ƙarshen damina, Adda ta zo. Bafillatana ce mai tallan nono, ta girme shi da kusan shekara goma, kuma tun zamanin ubansa take kawo ɗinkin takalma. Ta sauke ƙwaryarta a bakin rumfa ba tare da neman izini ba.

"Ɗan Isah, kana nan kana ɓata hannu?"

"Ina nan, Adda. Ku Fulani kun ci Alkalawa, birninmu na Gobir, tun zamanin kakanni, yau kuma rumfata kika zo ci?"

"Mi za ni ci cikin wanga wari? Aiki nika kawo maka."

'Yar autarta Rukayya za ta yi saukar Alƙur'ani, saura kasuwa shida. Tana son a ɗinka mata gafaka, jakar fatar da ake sa Alƙur'ani a ciki. Zayyanu ya ce wannan ai aikin kwana uku ne, ta faɗi launi kawai. Adda ta kwance bakin zanenta, ta ɗora masa wani abu a tafin hannu.

Fiffiken ƙwaro ne, irin mai taurin nan da ke rufe bayansa, tsawonsa kamar gaɓa biyu na yatsa. Makiyaya na tsintar irinsa a ƙarƙashin bagaruwa idan ƙwarin sun mutu. Kore ne, amma ba irin koren da Zayyanu ya sani ba. Yana walƙiya kamar an jiƙa shi, alhali a bushe yake. Da ya ɗan karkata hannu sai ya koma shuɗi. Ya ƙara karkatawa, gefensa ya yi kamar jan ƙarfe.

"Wanne daga ciki?" in ji shi.

"Dut. Rukayya tun tana ƙarama take tara su. Irin wanga nika so." Ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Ko in kai Maradi?"

Masu rumfunan kusa sun daina aiki, sun zuba ido. Zayyanu ya rufe hannunsa.

"Maradi mi? Ki ƙaro mani su da yawa. Za ni yi."

Kasuwa ta gaba ta kawo masa cike da ƙoƙo. Ya tafi da su gida yana ta murmushi, don a lissafinsa an gama magana. Duk abin da ke da launi, launin yana cikinsa, aikin baduku kawai shi ne ya fito da shi.

Ya fara da jiƙo. Kwana biyu a ruwa, ruwan bai canza ba, fukafukan suna kwance a ƙasa suna ƙyalli kamar suna yi masa gwalo. Ya sa kanwa. Ya sa lemun tsami. Ya tafasa su har tukunya ta ƙone. Daga nan ya ce ashe daka suke so, ya ɗauko turmin dakan yajin matarsa Nana Hauwa lokacin da ta shiga maƙwabta, ya zuba rabin ƙoƙo ya daka luƙui.

Da ya leƙa turmin, babu kore ko ɗigo. Gari ne ruwan ƙasa, kamar an daka busasshen ɓawon gyaɗa.

Da wani ne, da ya tsaya a nan. Zayyanu ya ce laifin turmi ne, yaji ya kashe launin. Ya wanke dutsen niƙa, ya niƙa wani kaso a kai. Gari ruwan ƙasa. Ya ce to ƙila zafin rana ne, ya niƙa wani a inuwa. Gari ruwan ƙasa. Ya kwaɓa garin da man shanu ya shafa a farar fata, fatar ta fito kamar an goge ƙafa da ita.

Kasuwa uku suka wuce a haka. A layin dukawa an fara gaishe shi da "Ina labarin ƙwaro?" Ya daina cin abinci sosai. Nana Hauwa kuwa ba ta yafe zancen turmi ba, don kwana huɗu miyarta na ɗanɗanon abin da ba ta san sunansa ba.

"Malam," in ji ta wata safiya, ta tarar da shi yana harar ƙoƙon, "tunda dut maganin gida ya ƙi, ka kai shi asibiti mana. A auna jininai, a ga mi ad damuwatai."

Ba'a take yi. Amma Zayyanu ya ɗago kai a hankali ya dube ta. Ɗiyar ƙanwarsa, Khairat, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Sabon Birni, a ɗakin gwajin jini. Ya taɓa jin ta ce tana da madubin da ke nuna ƙwayar zazzaɓi a cikin ɗigon jini. Madubin da ya ga abin da ke ɓoye cikin jini, zai kasa ganin inda ƙwaro ya ɓoye rininsa?

Washegari ya ƙulle garin a leda, ya sa fiffike ɗaya a kwalin ashana, ya hau babur. Ya bi ayarin motocin kasuwa, don hanyar nan mutum ba ya bin ta shi kaɗai saboda 'yan fashi.

Khairat ta sa shi jira a benci har layin masu zazzaɓi ya ƙare. Da ta ji abin da ya kawo shi, sai da ta dafa bango don dariya.

"Kawu, tun daga Isa? Ni na ɗauka Inna ce ba lafiya."

"Innarki lafiya lau. Sunan kakanki ne ke kwance. Aza shi, Likita, mu gani."

Ta ɗora fiffiken a kan ɗan gilashi, ta tura ƙarƙashin madubin, ta kunna fitilar da ke haskowa daga ƙasa. Ta nuna masa yadda zai sa ido. Ya fara rufe ido ɗaya kamar mai harbin tsuntsu, ta ce ya buɗe duka biyun. Da ƙyar ya samu gani.

Duhu ne. A bakin fiffiken kawai haske ke ɗan ratsowa, launin shayin da ba a sa wa madara ba.

"Injinku ya lalace. Ina koren?"

"Tsaya tukuna."

Ta kashe fitilar ƙasa, ta kunna tocilan wayarta, ta haska daga sama.

Zayyanu ya sake manna ido a madubin. 

Abin da ya ɗauka sumul ne ashe fili ne guda, shimfiɗe, kore shar har iyakar gani. Ko'ina ƙananan ramuka ne a jere kamar gonar da aka gama sara za a zuba iri. Bakin kowane rami kamar an zagaye shi da zinariya, can cikinsa kuma shuɗi. Hannun Khairat ya ɗan motsa, sai filin gaba ɗaya ya juye: koren ya gudu gefe, shuɗi ya malalo ya rufe wurin.

"Ke, tsai da hannunki wuri guda!"

"Da gangan nika yi, Kawu. Duba dai."

Ta sauko da wayar ƙasa ƙasa, filin ya koma jan ƙarfe. Ta ɗaga, kore ya dawo. Fiffiken bai motsa ba, babu wanda ya taɓa shi. Hasken ne kawai ke yawo.

Sai ta sa garin da ya niƙa. Tarin tsakuwa ne ruwan ƙasa, amma can da can akwai 'yan gutsattsarin da dutse bai gama da su ba, kowanne na walƙiya da kore. Ta sa bakin allura ta kifar da ɗaya. Bayansa ruwan ƙasa ne.

Khairat ta ce abin da ta tuna daga makaranta ke nan. Fiffiken shi kansa ruwan ƙasa ne. Amma a samansa akwai wasu shimfiɗu, ɗaya kan ɗaya, kowacce ta fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba. Ko wannan madubin ba ya iya nuna su, ita ma a littafi ta gani. Idan haske ya faɗa, kowace shimfiɗa na maido da kaɗan, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ke zaɓen launin da zai dawo ido. Ka canza inda kake kallo, launi ya canza.

Zayyanu ya ce bai yarda ba. Abu marar launi ya haifi launi?

Ta ja shi bakin taga. A ƙetaren hanya akwai mai gyaran babura, gaban rumfarsa ruwa ya kwanta, baƙin mai ya zuba a kai. Saman ruwan na ta wasa da kore da shuɗi da ja.

"Kawu, wane launi ne man inji?"

Ya daɗe yana kallon kududdufin. Sau dubu nawa ya tsallake irinsa yana tattare riga?

"Ke nan," in ji shi a hankali, "babu rini cikinai ko kaɗan. Jeri ne. Ni kuma nis sa taɓarya nir rushe jerin."

"Haka ne."

"Kasuwa uku ina rushewa."

"Ka sha ruwa, Kawu."

Bai sha ba. A kan hanyar komawa iska na dukan fuskarsa, yana ta juya abu ɗaya. Rini dai ba za a samu ba, ko ubansa ne ya tashi daga kabari. Amma Adda za ta zo nan da kasuwa biyu, kuma layin dukawa gaba ɗaya zai miƙo wuya. Idan launin ba ya rayuwa sai a jikin fiffiken, to fiffiken ne zai hau gafaka.

Ya fara zuwa wurin limamin unguwa, don abin da za a sa Alƙur'ani a ciki ba a yi masa ganganci. Liman ya ce ƙwaron da ba shi da jini mai gudana, mushensa ba najasa ba ne. Zayyanu ya dawo gida ya zazzage ƙoƙo. Daga cike da ƙoƙo, bakwai suka tsira daga hannunsa.

Kunya ta hana shi neman ƙari wurin Adda. Safiya uku yana fita bakin gulbi, yana rarrafe ƙarƙashin bagaruwa, ƙaya na yagar masa gwiwa. Lokacin ƙwarin ya wuce, tururuwa ta riga shi. Masu zuwa gona suna wucewa suna tambaya ko allura ya yar. Ya ce musu eh, su wuce. Tara ya samu masu kyau.

Ya ɗauki basilla zai huda na farko don ya ɗinka, ya tsage gida biyu. Na biyu ma haka. Ya ɗumama basillar a wuta, na uku ya ƙone. Na huɗu ya huje lafiya, amma da ya ja zare sai ya ɓalle. Saura goma sha biyu. Ya ajiye basillar, ya zauna a kan hannuwansa don kada su sake yi masa ɓarna.

A nan idonsa ya faɗa kan wani tsohon matashin kai na fata da ubansa ya ɗinka. Irin aikin dukawa ne da kowa ya sani: a yanke ƙananan tagogi a jikin jar fata, a shimfiɗa koriya a ƙarƙashi tana leƙowa. Zayyanu ya yi wannan aikin sau ɗari, ido rufe ma zai yi. Abin da ke ƙarƙashi ba dole ne ya zama fata ba.

Ya samo fata mai kauri, ya ƙwaƙule wa kowane fiffike gurbinsa daidai jikinsa. Ya ɗauko jar fatar akuya mafi laushi da ke rumfar, ya yanke tagogi goma sha biyu, kowacce ta ɗan fi fiffiken ƙanƙanta yadda bakinta zai danne shi. Ya ɗinke kewaye, zare bai taɓa fiffike ko ɗaya ba. Kuma da yake ya ga abin da tocilan Khairat ta yi, bai kwantar da su fuska ɗaya ba. Kowanne ya ɗan karkata shi wani gefen. Kwana tara ya yi yana wannan aikin da ya ce na kwana uku ne.

Ranar kasuwa ta shida Adda ta zo da hantsi. Ba ta kai ga sauke ƙwarya ba layin ya cika, har da waɗanda ba su da abin saye. Zayyanu ya warware ƙyallen da ya naɗe gafakar, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta juya ta. Ta sa farce ta ƙwanƙwasa taga ɗaya.

"Ɗan Isah, wanga ai ƙwarona ne kam maido mani."

"Shi ne."

"Ina rinin?"

 Zayyanu yana iya cewa sabon salo ne, yana iya cewa haka ake yayi a Sakkwato, kuma da yawa za su yarda. Ya dubi mutanen da suka taru.

"Babu rini, Adda. Na daka, na jiƙa, na dahwa. Na kai shi har Sabon Birni anka duba da madubi, nig gani da idona. Wanga launi ba shi fita, in an taɓa shi mutuwa shika yi. Na kasa rina shi."

Wani a baya ya ce, "La ilaha illallahu, yau mun ji." Wani ya yi dariya, aka ce masa ya yi shiru.

 Adda ta fita daga inuwar rumfa ta tsaya tsakiyar rana, ta ɗaga gafakar. Tagogi goma sha biyu suka kama wuta lokaci ɗaya, wasu kore, wasu shuɗi, biyu na gefe kamar garwashi. Ta karkata hannu, suka yi musayar launi. Ta sake karkatawa. Dariyar da ke baya ta mutu da kanta.

"Shina koɗewa?"

"Jan zai koɗe wata rana. Wanga ko jikokin Rukayya sun ishe shi haka."

"Hm." Ta daɗe tana kallo. "Ubanka ya taɓa rina mani takalmi shuɗi. Ruwan farko ya wanke shi, ƙahwata ta yi sati tana shuɗi. Bai taɓa cewa ya kasa ba."

"Adda, a bar mamaci ya huta."

"Na bar shi. Kai dai ka fi shi kunya, shi ya fi ka baki."

Zayyanu ya miƙo ƙyallen don ta naɗe, ta ture hannunsa. Ta ɗora ƙwarya a kai, ta rataya gafakar a wuya, a fili, tagogin na kallon jama'a. Maimakon ta bi hanyar fita, sai ta nufi cikin kasuwa, ta layin masu atamfa inda mata suka fi yawa. Ba ta yi taku goma ba wata ta tare ta tana tambayar inda aka yi wannan.

"Gidan Isah," in ji Adda da ƙarfi. "Ina kuma?"

Zayyanu ya koma kan buzu ya zauna. Sai kuma ya zabura ya leƙo waje, ya ɗaga jan yatsansa.

"Adda! Ki gaya ma Rukayya kada ta aza wani abu mai nauyi bisa! Suna fashewa!"

Ba ta ko waiwayo ba.

"Alƙur'ani za shi ciki, ɗan Isah. Mi za a aza bisa?"